Kwana Uku Baba Bai Yi Tari Ba

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bin wannan labari. Wata baiwar Allah ta rubuto min cewa wai na cika wanke kaina, duk inda aka je ni ce mai gaskiya. To 'yar nan, gyara zama. Yau za ki ji inda na yi abin kunya, kuma ba zan rage miki komai ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Rumasa'u, 'yar Alhaji Kaumi mai fataucin fata da kanwa a Lamorde, nan cikin Mubi. Kakanninmu daga Borno suka zo. Abin da zan ba ku ya faru ne da daminar 1972, ina da shekara goma sha tara. Mahaifiyata ta rasu tun ina rarrafe, yayar Baba ce ta raine ni, Ya Gumsu, mace mai faɗa da tsafta da son a ce gidanmu ya fi na kowa. Ni kaɗai ce Allah ya bar wa Baba. Akwai kuma Sali, malamin dabbobi, Bafulatanin Wuro Patuji, dogo mai siririn wuya da keke Rali, wanda shekara guda kenan yana zuwa zance wurina.

A waccan shekarar aka yi wa Baba aiki a huhu. Wani ƙurji ne ya ci masa gefe ɗaya, sai da muka je har babban asibiti a Kaduna aka yanke wurin aka fitar. Ni na bi shi, don ni ce na yi firamare, ina ɗan tsintar Turancin likitoci. Likitan ya faɗa mana da bakinsa, ba tarin fuka ba ne, ba a ɗauka. Amma tun a jirgin ƙasa muna dawowa Ya Gumsu ta kama kunnena ta murɗe.

"Ki buɗe kunnenki da kyau. Aikin ciki aka yi wa ubanki. Ciki, kin ji? Kika kuskura kika ce huhu, wallahi ko kwanon gidanmu ba wanda zai sake ci. Kin ga 'yan matan gidan mai ɗinki, su uku, har yau suna zaune ba miji tun da aka ce akwai tarin fuka a gidan."

"Ya Gumsu, ko Sali?"

"Shi ne ma na farko."

Na gyaɗa mata kai. Kuma da Sali ya zo yi mana barka da dawowa, ya tambaye ni, na sunkuyar da kai na ce aikin ciki ne. Wannan ƙaryar da bakina na yi ta, ba wanda ya riƙe min wuƙa.

Wadda take zuwa daga asibitin gari tana wanke ɗinkin ita ce Sista Rachael, 'yar Vimtim, gajera mai faɗin kafaɗa, kullum cikin farar riga da ta sha sitaci da ɗan agogo maƙale a ƙirji. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ranar farko da ta shigo ɗakin Baba ta tarar Ya Gumsu ta cika shi da turaren wuta, har ba ka ganin bango. Nan take ta ɗauki kaskon ta kai tsakar gida ta ajiye, ta buɗe taga. Ya Gumsu ta sha mur, ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ɗakin mutumin Borno babu ƙamshi ba. Sista ta ce to yau ta gani.

Sannan ta kira ni ta zaunar.

"Kai ne ka je makaranta, ko? To ji. Maganin baban ka ba a kwalba yake ba. Tari ne maganin shi. Kakin da ke taruwa a ciki, in bai fita ba, zai ruɓe. Mutum mai huhu biyu zai iya wasa da shi, baban ka ba shi da biyu cikakke."

Ta nuna min komai. Kada ya kwanta shame-shame, a jingina shi da matasai. A kawo ruwan zafi a kwano ya shaƙi tururin. Ya ja numfashi mai tsawo sau uku. In dafa matashi a kan ɗinkin, tun daga bayansa har ƙarƙashin hammata, in matse da ƙarfi don kada ya ji kamar zai ɓalle, sannan ya yi tarin ya tofar a wani ɗan kwanon sha mai murfi. Ta kuma ba mu kwalba da ruwa rabi da 'yar roba a ciki, ya riƙa hurawa ruwan yana ɓulɓul. Baba ya ce shi da ya je Makka sau biyu yau an mayar da shi mai wasan kumfa. Ya hura dai.

Kwana huɗun farko, Alhamdulillahi. Tarin yana da zafi, ba na musu. Baba yakan damƙe hannuna har yatsuna su sage, hawaye na zubo masa, yana gamawa ya ce, "Ruma, ke da matar nan kun haɗa baki za ku kashe ni." Amma kwanon yana samun abin da ake so, zazzaɓi babu, har ya fara takawa zuwa bakin zaure yana dafe da kafaɗata.

A rana ta biyar Bappa Abdulƙadiri ya iso.

Ƙanin mahaifin Sali ne, kuma tunda mahaifin ya rasu, shi ne mai magana a kan aurensa. Rugarsa tana can ƙetaren iyaka, ƙasar Faransa kamar yadda tsofaffi suke ce wa Kamaru har lokacin. Ya zo ne a sa ranar aurenmu, da huhun goro da sandarsa da buzunsa. Da ya ji Alhaji ba lafiya, ya ce ba zai yi maganar aure da mutum a kwance ba, zai jira ya ji ƙarfi. Baba kuwa fatoma ne, mai saukar baƙi, abin kunya ne a ce surukinsa ya kwana a wani gida. Aka share masa ɗakin baƙi, wanda yake manne da na Baba. Bangon da ya raba su bai ma kai rufin kwano ba, in wani ya yi atishawa a nan, na can zai ce masa yarhamukallah.

Daga ranar aka kore ni daga jinya.

"Amarya a gaban bappan miji? Kina hauka ne?" in ji Ya Gumsu. "Ko inuwarki kada ya gani. Ki zauna cikin gida, ni zan duba ɗan uwana. Ni na goya shi kafin a san za a haife ki."

"Amma tarin fa? Kin iya matse matashin?"

"Matashi ne yau zai gagare ni?"

Na koma ɗakinmu can ƙuryar gida, bayan madafa. Bappa kuwa, mutumin kirki, ya ga hanyar girmama Baba ita ce ya zauna da shi. Daga sallar asuba zai shimfiɗa buzunsa a gefen gadon, carbi a hannu, ba ya tashi sai salla. Ba shi da yawan magana. Zama kawai yake, irin na mutanen da suka saba wuni a bayan shanu.

Washegari na kasa kunne, ban ji tari ba. Na tambayi Ya Gumsu, ta ce ya yi, ta zubar. Rana ta biyu ta shigo madafa fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Kin gani ko? Tarin ya tsaya cak. Dattijon nan mai albarka ne, tun da ya taka gidan nan ubanki bai ko yi gyaran murya ba. Sauƙi ya samu."

To a nan ne nake so mai cewa ina wanke kaina ta saurara. Na san ba sauƙi ba ne. Sista ta faɗa min, kuma na ga yadda kwanon yake cika kullum, ta yaya abu zai ƙafe dare ɗaya? Amma na so in yarda. Na so ƙwarai. Bappa yana gidan, ana maganar Juma'a za a sa rana, Ya Gumsu ta fito min da sabuwar lafaya ruwan goro mai ratsin zinari tana gwada min a jiki, ga lalle an jiƙa. Sai na ce wa zuciyata, wataƙila dai Allah ne ya kawo sauƙin. Na ci tuwona na kwanta.

A ranar ce wasiƙar Sali ta zo. Ku 'yan zamani kuna danna waya saƙo ya tafi, mu sai yayarsa Dijatu ta zo tallan nono, ta ɗaga faifai, ga takarda a ninke ƙarƙashinsa. Takardar littafin makaranta ce, da shuɗin biro:

"Zuwa ga Rumasa'u, bayan gaisuwa mai yawa. Bappa ya ce gidanku gidan mutunci ne, kuma bai taɓa ganin majiyyaci mai haƙuri irin Alhaji ba, ko nishi ba ya yi. In Bappa ya yabi mutum, to ki rubuta ranar, don ni tun da na tashi sau ɗaya ya yabe ni, shi ma da na kama ɗan maraƙin da ya faɗa mayo, wato kogi. Ya ce ba zai tafi ba sai ya ga Alhaji a tsaye. Jiya na yi wa shanu tamanin allura, kowace na kalla sai in ga kamar tana min dariya don ta san hankalina ba ya wurin. Ranar Laraba da la'asar zan zo gaida Alhaji. In kin ji ƙararrawar keke sau biyu, ni ne. Naki, Sali."

Na karanta ta ya fi sau biyar. Wurin da ya ce ko nishi ba ya yi, nan idona yake ta komawa. Na ninke ta na tura cikin akwatina.

Ranar Laraba da hantsi Sista Rachael ta zo wankin ɗinki. Bappa ya fita ya ba su wuri. Ba a yi minti goma ba na ji takun takalminta ya nufo madafa, da sauri, ba irin na kullum ba. Kwanon tofin yana hannunta, ta buɗe murfin ta tura min a fuska. A bushe yake ƙayau, har ƙura ta hau.

"Mene ne wannan?"

"Sista, ni an hana ni shiga."

"An hana ka! Wa na koya wa? Goggon ka ko kai?" Ta rage murya, kuma wallahi da ta ci gaba da ihun ya fi min sauƙi. "Jikin shi kamar wuta. Na sa abin ji a bayan shi, gefen da aka yi aiki iska ba ya shiga ƙasa, ya toshe. Na yi mishi allura, amma allura ba ya fitar da kaki. Na ce ya yi tari, ya juya min kai bango. In bai fitar da abin nan yau ba, gobe nimoniya ne, kuma ban san ko zai kai mu ɗauke shi a mota ba. Ka ji ni?"

Na zauna a kan turmi. Ya Gumsu da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Amma ai tarin ya tsaya..." Sista ta dube ta kawai, ta ɗauki jakarta, ta ce tana da masu haihuwa biyu suna jiranta, za ta dawo bayan magariba.

Na jira aka kira azahar. Ina jin Bappa ya ja takalmansa ya nufi masallaci, na ruga ɗakin Baba.

Da ƙyar na gane shi. Kwana uku kacal. An kwantar da shi shame-shame, an lulluɓe shi da bargo har wuya, babbar riga a jikinsa don a ɓoye bandejin. Leɓensa sun yi duhu, numfashinsa gajere-gajere, a cikin ƙirjinsa wani abu yana ƙara kamar ruwa a tukunyar da ta fara tafasa. Kwalbar hurawa tana ƙarƙashin gado an tura ta can ciki. Gefen matashinsa kuwa duk shaidar haƙora.

"Baba! Baba, me ka yi wa kanka?"

Ya buɗe ido. "Ruma. Fita. Zai dawo."

"Ba inda za ni. Tashi ka yi tarin nan, don girman Allah. In kunyarsa kake ji, ai ya tafi masallaci."

Na ɗauka girman kai ne, irin na maza, kada baƙo ya ga hawayensa. Har na fara jin haushinsa. Sai ya kamo wuyan hannuna, tafinsa zafi zau, ya yi magana kalma-kalma yana hutawa.

"Ranar da ya zo... ya ba ni labari. Ciwon huhu ya shiga garkensa. Shanu arba'in. Ya ce yanzu... ko daga ƙarshen garke saniya ta yi tari, ya san irinsa. Kuma ba ta kwana cikin 'yan uwanta." Ya ja iska da ƙyar. "In ya ji nawa, Ruma... ba za su ɗauke ki ba."

Jama'a, ban san yadda zan faɗa muku abin da na ji ba. Kwana uku, dare da rana, mutumin nan yana cizon matashi yana haɗiye abin da zai kashe shi, ni kuwa ina can ana gwada min lafaya.

"Juma'a kawai," ya ce. "Jibi. A sa rana... ya tafi. Sai in yi ta yi."

"Sista ta ce ba za ka kai jibi ba!"

Na cusa hannu a bayansa na ɗaga shi, nauyinsa kamar buhun gero. Na jingina shi, na dafa matashin a kan ɗinkin. Ya ja numfashi, ya gwada. Wani ɗan tari ya fito mara ƙarfi, abin ya yi kauri ya kafe, ni kuma ban matse yadda ya kamata ba, ya yi ƙara don zafi. Muka sake. Na ji abin ya fara motsi, ya taso. Daidai nan muka ji sallamar Bappa a zaure.

A gaban idona Baba ya danna bakinsa cikin matashi ya haɗiye. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, idanunsa suka firfito, jikinsa duka yana girgiza ba sauti. Da hannu ɗaya yake nuna min ƙofar baya. Kuma na bi ta na fita. Wannan ma ku rubuta a cikin laifina.

Daga azahar zuwa la'asar ina zaune a bayan madafa, ban san abin da ya shiga ba, ban san abin da ya fita ba. Hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, kaji suna ta shigewa akurki. Ina son Sali. Ba zan yi muku kara ba, ina son sa har ina jin kunyar kaina. Na tuna ɗakin da ya ce ya shafe da farar ƙasa a Wuro Patuji, da 'yan matan gidan mai ɗinki da suke leƙen bukukuwan mutane ta katanga. Sannan na tuna shaidar haƙoran nan a jikin matashi.

Ƙararrawar keke ta yi ƙara sau biyu.

Na tashi na ɗora ruwa. Da ya tafasa na juye a babban kwano. Ban sa sabuwar lafayar ba, tsohuwata ta aikin gida na naɗa, mai ƙonewar garwashi a gefe. Na ɗauki kwanon tofin a ɗaya hannun. Ya Gumsu ta tare ni a tsakar gida, ta buɗe hannuwa.

"Ina za ki? Mutanen suna ciki! Rumasa'u, kada ki tona mana asiri. Rumasa'u!"

"Matsa min, Ya Gumsu, ruwan zafi ne."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ina jin mamakin ne ya matsar da ita.

Sali yana durƙushe a waje daga bakin ƙofa, inda ya dace da suruki, kansa a ƙasa. Da ya ga ƙafafuna sun wuce ta gabansa ya ɗago, bakinsa ya buɗe. Na yi sallama na shiga. Bappa yana kan buzunsa, farar riga, farin rawani, siririn gemu. Ranar na fara ganinsa. Da ya gane ko wace ce, nan da nan ya kawar da fuska gefe. Na ajiye kwanonin, na durƙusa har ƙasa.

"Bappa, ina wuni. Ka yafe min, na san bai kamata ka gan ni ba."

"Jam, jam," ya ce, yana kallon bango.

"Ruma..." in ji Baba daga kan gado, muryarsa kamar ta fito daga rijiya. "Na haɗa ki da Allah."

Ban dube shi ba, don na san in na dube shi zan fasa.

"Bappa, ba aikin ciki aka yi wa Baba ba. Huhunsa aka yanka. Likita ya ce ba irin wanda ake ɗauka ba ne, amma ba ni da takardar da zan nuna maka, sai dai ka yarda ko kada ka yarda. An ce dole ya riƙa tari yana fitar da kaki, in ba haka ba zai mutu. Tun ranar da ka zo bai yi ba, don kada ka ji ka fasa aurena. Yanzu zai yi. In za ka fita, ka fita, ba mu ga laifinka ba."

Carbin da ke hannunsa ya tsaya. Ba ka jin komai sai ƙarar ƙirjin Baba da yayyafin da ya fara sauka a kan kwano.

Na tashi na yaye bargon, na ɗaga Baba. Yana ture ni, amma ba shi da ƙarfin ture ko kyanwa. Na tuɓe masa babbar rigar, bandejin ya fito fili, daga tsakiyar baya har gaban haƙarƙari. Na kara masa tururin a fuska.

"Baba, ya riga ya ji. Babu sauran abin ɓoyewa. In don ni kake yi, to ni na fasa. Ja numfashi."

Hawaye suka gangaro masa. Ya ja, sau uku. Na dafa matashin, na matse iya ƙarfina. Ya yi tarin, ya ƙwalla ƙara, abin bai fito ba. Hannuwana sun yi ƙanana, ba sa zagaye shi.

Sai na ji an ce a kaina, "Matsa, ɓingel, matsa yarinya."

Bappa ne. Ya naɗe hannun rigarsa, ya hau gadon ya zauna a bayan Baba, ya zagaye shi da dogayen hannuwan nan nasa da suka saba kayar da bijimi. "A ina?" ya tambaye ni. Na nuna masa. Ya ɗora matashin, ya rungume Baba a ƙirjinsa tsam.

"To Alhaji. Bismillah. Na riƙe ka, ba abin da zai ɓalle."

Tarin da Baba ya yi, ina jin har maƙwabta sun ji. Sau ɗaya, sau biyu, a na uku ya shiɗe, fuskarsa ta yi baƙi, na ce shi ke nan na kashe ubana. Bappa ya ƙara matsewa ya daka masa tsawa da Fulatanci. Sai abin ya ɓalle ya fito, guda guda, mai kauri, kore da ratsin tsohon jini, da wari. Na tara kwanon. Ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Daga nan Baba ya ja wani numfashi mai tsawo, har ƙasa, irin wanda na manta mutum yana iya ja. Kansa ya faɗa baya a kafaɗar Bappa, gumi yana tsiyaya.

Na fashe da kuka, kwanon a hannuna.

Bappa ya jingina shi a hankali, ya sauko. Ya karɓi kwanon daga hannuna ya kai bakin taga, ya daɗe yana duba abin da ke ciki. Ban san me ya gani ba, fuskarsa ba ta nuna ba. Ya mayar min, ya wanke hannu da sauran ruwan ɗumin, ya naɗe buzunsa.

"Alhaji," ya ce, "kwana uku ina cin tuwonka. Ina zaune a nan ina ja maka carbi, ashe ni ne ciwon. Da ka mutu, me zan ce wa Allah? Ni baƙo ne na zo neman alheri, kuka mai da ni mai kisan kai ban sani ba."

Baba ya runtse ido.

"Usoko, na gode da masauki. Yau a Wuro Patuji zan kwana, ka samu ka yi tarinka. Maganar Juma'a kuwa, a bar ta tukuna."

Ya ɗauki sandarsa ya fita cikin ruwan, bai ko rufe kansa da buzun ba. Ya Gumsu ta bi shi har zaure tana magiya, bai waiwayo ba.

Na fito da kwanon zan zubar. Sali yana nan inda yake, sai dai ya miƙe tsaye, ruwan indararo yana zuba a kafaɗarsa bai matsa ba. Duk abin da aka yi a kan idonsa aka yi. Na zaci zai yi faɗa, ko ya bi bappansa da gudu. Sai ya tsaya yana kallona, irin kallon da bai taɓa min ba.

"Ranar da kuka dawo na tambaye ki," ya ce a hankali. "A gidan nan, a bakin zaure."

"Sali..."

"Aikina kenan, Rumasa'u. Huhu nake dubawa kullum. Da kin faɗa min, da na san yadda zan yi da Bappa, da ban bari ya kwana a gidan nan ba ko dare ɗaya. Shi baƙo ne, na ji, kun ji tsoronsa." Ya share ruwan da ke fuskarsa da tafin hannu. "Ni fa? Ni ma baƙo ne?"

Na buɗe baki. Wallahi akwai amsa a bakina, tana nan ta taso. Sai tarin Baba ya sake tashi daga cikin ɗaki, mai ƙarfi, yana kiran sunana a tsakani, kuma babu kowa a wurinsa da zai riƙe masa ɗinkin.

Na juya na shiga.

Da na sake fitowa ruwan ya tsagaita. A bakin zaure babu keke, sai sawun tayarsa a cikin taɓo, kuma ruwa ya riga ya fara cike shi.